Na Sayi Gidan Haya Na Farko A Kano: Da Me Zan Fara?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma a watan da ya wuce Allah ya hore mini na sayi gida a Rijiyar Zaki a kan naira miliyan 30, da niyyar ba da shi haya. Gidan yana da sassa uku, kowanne ciki da falo da kicin da banɗaki, sai shaguna biyu a jikin katangar gaba. Magada ne suka sayar mini, kuma takardar shaidar mallakar tana ɗauke da sunan mahaifinsu marigayi. Abin da ke hannuna shi ne wannan takarda da kuma takardar ciniki da muka sa wa hannu a gaban shaidu da mai unguwa. Na tarar da 'yan haya a sassa biyu da shago ɗaya. Ɗaya daga cikin na sassan biyu ya biya magadan naira 360,000 na shekara guda wata huɗu kafin cinikinmu, ɗayan kuma an ce ana bin sa kuɗin wata biyar, sannan babu mai takardar yarjejeniya a cikinsu. Ina so in ƙara kuɗin haya, in kuma fitar da wanda ake bi bashi. Da me ya kamata in fara?

Amsa

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sanya albarka a wannan gida, ya sa ka ci moriyarsa cikin lafiya. Abubuwa biyun da kake son farawa da su, wato ƙarin kuɗin haya da fitar da mai bashi, su ne ya kamata su zo daga baya, domin dukkansu sun dogara ne da wani abin da har yanzu bai kammala ba, shi ne tabbatar da cewa gidan ya zama naka a idon hukuma. Mutumin da zai tsaya a gaban alƙali yana neman a fitar masa da ɗan haya, abu na farko da za a so a sani shi ne matsayinsa a kan gidan, kuma a halin da ake ciki sunan marigayin ne a littafin gwamnati.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, don haka takardar shaidar mallakar da ke hannunka izinin zama ce na wa'adi, galibi shekara 99, kuma ana lissafa wa'adin ne daga ranar da ke jikin takardar, ba daga ranar da ka biya kuɗi ba. Sashe na 22 na dokar ya hana mai irin wannan takarda ya miƙa haƙƙinsa ga wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da bai bi wannan ƙa'ida ba ba shi da inganci. Takardar da kuka rubuta a gaban mai unguwa hujja ce mai amfani cewa ka biya kuɗi kuma an karɓa, amma ba ta canza suna a ma'aikata. Abin da ake buƙata shi ne lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna ta hannun Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare ta Jihar Kano, a biya kuɗin hatimi da na rajista, sannan a shigar da takardar cikin rajistar filaye. Kafin wannan, lauyan ya binciki fayil ɗin gidan a hukumar KANGIS, wadda ke adana bayanan filayen jihar, ya gano ko an taɓa jinginar da gidan ga banki, ko akwai wata ƙara a kansa, da kuma yawan kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru ba a biya ba, wanda a gidajen gado yakan kai shekaru masu yawa saboda babu wanda ya ɗauki nauyinsa tun rasuwar mai gidan. A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da aikin sabunta takardun shaidar mallaka, saboda haka a duba ko ta wannan gida ta bi ta wannan tantancewa. Amfanin gaggauta rajista a bayyane yake: idan aka sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, wanda ya riga yin rajista ba tare da sanin cinikin ɗayan ba shi ne yake da rinjaye a kotu, ko da kuwa ɗayan ne ya riga biya.

Inda na fi so ka mai da hankali shi ne batun gado, domin mamaci ba ya sa hannu, kuma ma'aikata za ta so ta ga abin da ya ba masu sayarwar ikon sayarwa. Ka tambayi kanka su waye suka sa hannu a takardar cinikin. Sau da yawa babban wa ne da ƙannensa maza biyu ko uku suke tsayawa a kan ciniki, alhali akwai matan marigayin, da 'ya'yansa mata da ke aure a wasu garuruwa, da ƙananan yara waɗanda ba su kai munzalin sa hannu ba, wani lokaci ma har da mahaifiyarsa idan tana raye, kuma kowanne daga cikinsu yana da kaso sananne a shari'a. Ka nemi kwafin takardar kotun shari'ar Musulunci da ta raba gadon ko ta ba da izinin a sayar da gidan a raba kuɗin, wadda za ta lissafa magadan ɗaya bayan ɗaya. Idan ba a taɓa zuwa kotu ba, to a je yanzu, a tabbatar da cinikin a gaban alƙali, musamman saboda kason marayu, wanda ba ya halatta wani ya sayar da shi da ra'ayin kansa. Akwai kuma haƙƙin shufu'a: idan ya kasance wasu magadan ne kawai suka sayar da kasonsu a gidan da ba a raba ba, wanda bai sayar ba yana da damar ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi kason, kuma a mazhabar Malikiyya wanda yake gari yana sane da cinikin yana riƙe da wannan dama har kimanin shekara guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a cinikin gidan gado tsagar ita ce magaji ɗaya da aka manta da shi. Ka yi wannan aiki a cikin makonnin nan tun magadan suna tare kuma zancen cinikin yana da ɗumi, domin idan suka raba kuɗin kowa ya kama gabansa, tara su a zaure ɗaya yakan zama wahala, wani ma sai ya nemi a ba shi wani abu kafin ya ɗauki biro.

Shagunan nan biyu ma a bincika ko hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da su, domin a unguwanni da dama ana fasa katangar gidan zama ne a fitar da shago ba tare da izini ba, wani har ya hau kan kwata ko ya ci gefen hanya, kuma ranar da aka zo shafa jan fenti kai za a nema, ba wanda ya gina ba.

Yanzu sai 'yan hayar da ka tarar. Sayar da gida ba ya rushe hayar da ke gudana, a dokar ƙasa da kuma a fiƙihu, don haka ka gaji mutanen nan ne da sharuɗɗan da suke kai, ko da babu ko layi ɗaya a rubuce. Abin da ya dace shi ne magadan su rubuta wa kowane ɗan haya takarda cewa sun sayar da gidan gare ka daga rana kaza, kuma daga ranar kai za a riƙa biya, sannan ku zauna gaba ɗaya a gaban mai unguwa a gabatar da kai, kowane ɗan haya ya faɗi ranar da ya shiga, da abin da yake biya, da ranar da kuɗinsa zai ƙare, a rubuta, magadan su tabbatar. Wannan zama ɗaya zai raba ka da gardama mai yawa nan gaba. Wanda ya biya naira 360,000 ya sauke nauyinsa, ba ka da ikon neman ko kwabo a wurinsa sai shekararsa ta cika. Kuɗin wata takwas da suka rage daga ranar ciniki, wato naira 240,000, a wurin magadan za ka neme su, domin sun karɓi hayar watannin da a cikinsu gidan ya riga ya fita daga hannunsu. Da an lura tun farko, da an zare su daga kuɗin ciniki. Tunda ba a yi ba, ka ɗaga maganar a zaman da za a yi, kuma idan ka ga dama ka yafe, to ka yafe da saninka, a rubuta cewa an yafe.

Shi kuma wanda aka ce ana bin sa wata biyar, ka lura da cewa an ce ne. Ka ji daga bakinsa tukuna. Yana yiwuwa ya biya ɗaya daga cikin magadan ko dillalin da ya sa shi a gidan ba a ba shi rasit ba, yana yiwuwa kuma ya kashe kuɗi wajen gyaran rufi ko kwashe masai bisa alkawarin za a cire masa. Idan bashin ya tabbata, kada ka ɗauka kai tsaye cewa naka ne, domin abin da ya taru kafin ranar ciniki a asali haƙƙin magada ne, sai su rubuta cewa sun bar maka shi ko kuma za su bi abinsu da kansu.

Idan bayan duk wannan ka yanke shawarar sai ya tashi, hanya ɗaya ce doka ta sani, kuma tana da matakai. Inda babu yarjejeniyar da ta ƙayyade wani wa'adi dabam, mai biyan haya wata-wata yana da notis na wata guda, mai biya duk wata uku yana da na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuma yana da na wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi notis na biyu na kwana bakwai, wanda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa, sannan a shigar da ƙara, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da kayan mutum bayan hukunci. Abu na farko da za a tantance ke nan shi ne ko mutumin nan ɗan hayar wata ne ko na shekara, domin faɗin cewa ana bin sa wata biyar bai bayyana hakan ba. Ka bar wa lauya rubuta notis ɗin, ka kuma ba shi izinin yin hakan a rubuce, domin kuskuren kwanan wata ko rashin wannan izini yana iya ja wa ƙara jinkiri ko ya sa a koma farko. Cire ƙofa, da yaye kwanon rufi, da yanke wuta ko ruwa, da sa kwaɗo a ɗaki, da zuwa da 'yan sanda ko matasan unguwa don a tsorata mutum, duk sun saɓa wa doka, kuma suna mai da mai bin bashi ya zama wanda za a ci tara. Ni dai a ganina, a kan bashin wata biyar na ɗaki ciki da falo, sulhu ya fi kotu araha nesa ba kusa ba. Ku zauna da mai unguwa ko limamin masallacin layin, a ba shi zaɓi: ko ya biya a hankali bisa jadawalin da aka rubuta, ko a yafe masa wani kaso ya sa hannu a kan ranar da zai miƙa mukulli. Mutumin da aka bar wa mutuncinsa yakan tashi a ranar da ya ɗauka, kuma ba ya barin gida a lalace.

Ƙarin kuɗin haya ba a yin sa a tsakiyar wa'adin da aka riga aka biya, kuma a doka tayi ne da sai ɗan haya ya amince, in bai amince ba sai a bi hanyar notis. Ka sanar da shi a rubuce kamar wata uku kafin kuɗinsa ya ƙare, bayan ka bincika abin da ake biya a gidaje irin naka a layukan da ke kusa, ba abin da dillali ya ce za a iya samu ba, domin shi dillali ribarsa tana cikin sauyin ɗan haya ne, tunda a nan yake samun la'ada. Gaskiya ne tsadar kaya ta cinye darajar tsohuwar haya, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, amma samun yawancin 'yan haya bai tashi da wannan sauri ba. Ka yi lissafi kafin ka yanke: idan ka ɗaga daga naira 360,000 zuwa 450,000, ƙarin 90,000 ne a shekara, amma idan mutumin ya tashi sashen ya yi wata biyu a rufe, ka rasa 75,000, ga kuɗin fenti da gyaran famfo da makullai kafin wani ya shiga. Ɗan hayar da ke biya a kan lokaci, yake zaune lafiya da maƙwabta, ya cancanci a yi masa ƙari mai sauƙi ko da kasuwa ta fi haka.

Daga wannan sabuntawa, da kuma duk wanda zai shiga sashen da shagon da ke rufe, kada kowa ya zauna sai da takardar yarjejeniya. Wasu suna jin nauyin miƙa wa dattijo ko ɗan'uwa takarda ya sa hannu, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Takardar ta ƙunshi sunayenku, da bayanin sashen, da kuɗin haya, da ranar farawa da ta ƙarewa. Na fi son wa'adin shekara guda ƙayyadadde wanda ake sabuntawa da sabuwar takarda, domin idan irin wannan wa'adi ya cika ba a buƙatar notis na wata shida, na kwana bakwai ya wadatar kafin zuwa kotu. Hayar da ta haura shekara uku tana da nata ƙa'idojin na hatimi da rajista, don haka kada ka shiga irinta ba lauya, ko da mai shago ya zo da kuɗin shekara biyar a hannu. A fayyace gyaran da ke kanka, wato rufi da bango da babban wayarin da ramin masai, da wanda ke kan ɗan haya, kamar ƙwan fitila da kan famfo da gilashin da ya fasa. A rubuta cewa ba zai sa wani a ɗakin ya riƙa karɓar haya ba, ba zai fasa bango ko ya ƙara gini ba sai da izininka a rubuce, kuma duk gyaran da yake so a cire masa daga haya sai an amince da kuɗinsa kafin a fara, domin wannan ita ce gardamar da ta fi yawa tsakanin masu gida da 'yan haya. Idan za ka karɓi kuɗin ajiya saboda ɓarna, a rubuta adadinsu da sharaɗin mayar da su, ka kuma riƙe su a matsayin amana. A ɗauki hotunan kowane ɗaki a ranar miƙa mukulli, kowannenku ya ajiye. Idan ɗan hayar ba ya karanta Turanci, a yi masa kwafin Hausa ko a karanta masa a gaban shaidu, sannan a kai takardar a buga mata hatimin haraji a Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano.

A takardar shaguna a ambaci sana'ar da za a yi da sunanta. Shagon da ke manne da ɗakunan kwana bai dace da sayar da fetur a jarka ba, ko ɗura iskar gas, ko injin niƙa mai girgiza bango tun asuba, kuma idan ba ka hana a rubuce tun farko ba, hanawa daga baya takan zama rigima.

Wajen zaɓen sabon ɗan haya, abin dubawa shi ne hanyar samunsa da yadda ya rabu da gidan da ya baro. Ka karɓi kwafin katin shaidarsa na ɗan ƙasa, ka san wurin aikinsa ko rumfarsa a kasuwa, ka nemi mutum sananne da zai tsaya masa ya sa hannu, ka kuma yi magana da tsohon mai gidansa da kanka, sannan a gabatar da shi ga mai unguwa kafin ya kawo kaya. Na san al'adar masu gidaje da yawa a Kano ta ƙin ba wa gwauro haya a gidan da ke da matan aure, kuma a gidan da ake haɗa tsakar gida da ƙofar shiga akwai hujja a ciki. Amma aure ko ƙabila ko yawan fara'a ba sa nuna wanda zai biya. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwa ko abokin kasuwa, domin ranar da ya gaza biya, kunya za ta hana ka tambaya, iyaye kuma su shigo da roƙo. In har za ka ba irinsu, ka ƙudurta a ranka tun farko ko haya ce ko taimako.

Shi kansa ginin, ka kawo magini da mai wayarin da mai gyaran famfo waɗanda ba su da alaƙa da masu sayarwar su duba shi sosai, kuma a fara da abin da ruwa da wuta ke iya lalatawa kafin a zo kan fenti da tayil. Damina a Kano takan kankama ne daga watan Yuni, ta fi ƙarfi a Agusta, don haka gyaran kwanon rufi da indararo da yashe kwata aikin rani ne. Tabon ruwa a silin ko danshi a gindin bango alama ce da ba a ɗaga mata ƙafa. A duba ramin masai, a san lokacin da aka kwashe shi na ƙarshe, da nisansa da rijiya ko burtsatse idan akwai. Tsohon wayarin da aka yi don fitila da fanka ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da hita da firiza, kuma gobarar lokacin hunturu da yawa daga nan take tashi. Sai ka je ofishin kamfanin rarraba wutar lantarki na KEDCO da ke kula da unguwar da lambar mitar gidan, ka tambayi ko akwai bashi a kanta, ka gabatar da shaidar ranar da ka sayi gidan, ka nemi a canza suna. Haka ma a Hukumar Ruwa idan gidan yana kan layin famfo. Kuɗin da ba za ka yi nadamar kashewa ba shi ne na sa wa kowane sashe da kowane shago mitarsa mai kati, domin mita ɗaya a gidan mutum biyar ita ce tushen yawancin faɗan 'yan haya, kowa yana zargin ɗan'uwansa da dutsen guga. Injin jan ruwa da fitilar waje da kuɗin kwashe shara kuwa a rubuta yadda za a raba su, a naɗa mutum ɗaya a cikin gidan ya riƙa tarawa.

Ta fuskar kuɗi, gara ka san gaskiyar lissafin tun yanzu. Idan sassa ukun suna kawo naira 360,000 kowanne, muka ƙaddara shagunan a 200,000 kowanne, jimilla ta zama 1,480,000 a shekara, wato ƙasa kaɗan da kashi 5 cikin ɗari na miliyan 30, kuma haya kaɗai za ta ɗauki fiye da shekara 20 kafin ta mayar da uwar kuɗi, ba a ma cire gyara ba. Ga ɗan Kwari da ya saba juya jari sau da yawa a shekara wannan zai yi kama da barci, amma ribar gida ta fi yawa ne a tashin darajarsa da kuma tsare dukiya daga faɗuwar naira. Abin da nake ba da shawara shi ne ka buɗe wa gidan asusun banki nasa, kada kuɗinsa ya shiga cikin na shago, ka kuma ware kamar kashi 15 cikin ɗari na kowace haya don gyara. Haɗarin karɓar kuɗin shekara a dunƙule shi ne yakan tafi sarin kaya a makon da aka karɓe shi, ranar da soro ya tsage ko injin ruwa ya ƙone kuma babu abin taɓawa.

Kuɗin haya yana cikin samun da ake biya wa haraji, kuma kai da ke zaune a Kano hukumar jiha ce ke karɓar naka. Idan kamfani ko ma'aikata ta kama hayar wani sashe, za ta cire kashi 10 cikin ɗari ta miƙa wa hukuma a madadinka, sai ka karɓi takardar shaidar hakan domin a rage maka a lissafin shekara. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, mai aiki daga farkon Janairun 2026, ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, wanda ake cirewa daga samun da za a lissafa masa haraji a kai. Saboda haka ma'aikatan da ke cikin 'yan hayarka za su riƙa neman rasit na gaskiya mai suna da adadi, kuma abin da ka karɓa zai riƙa bayyana a takardun hukuma. Zakka kuwa ba ta hawa kan ginin da aka saya don haya, tana hawa ne kan kuɗin da aka karɓa idan sun kai nisabi, su kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, kuma shekara ta zagayo a kansu, sai a fitar da ɗaya cikin arba'in. Tunda kana da dukiyar kasuwanci, ka zauna da malaminka ya daidaita maka lissafin shekarar. Ka kuma nemi inshorar gobara da ambaliya, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin hukumar kula da inshora ta NAICOM ga wanda ba ya son inshorar da aka saba.

Saura batun wanda zai riƙa kula da gidan. Sassa uku da shaguna biyu ba su fi ƙarfin mutum ɗaya ba, amma wanda yake kasuwa daga safe zuwa magariba zai iya gajiya da kiran waya a kan famfon da ya toshe. Idan za ka wakilta wani, ka bambance dillalin da aikinsa ya ƙare da kawo ɗan haya da ƙwararren mai kula da gidaje wanda ke da rajista da ofishin da za a same shi. Ku rubuta kason da zai ɗauka, da iyakar kuɗin gyaran da zai iya kashewa ba tare da ya tambaye ka ba, kuma 'yan haya su riƙa biya kai tsaye cikin asusun gidan, kai kuma ka biya shi ladansa, maimakon kuɗin su bi ta aljihunsa. Ko da ka wakilta, ka riƙa zuwa da kanka kafin damina da bayanta, amma ka tuna cewa daga ranar da ka ba mutum haya ɗakin ya zama muhallinsa da iyalinsa, don haka a sa a yarjejeniya cewa za ka sanar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka zo dubawa, kuma sai mai ɗakin yana nan za a shiga.